Tambayoyinku: Shekara Nawa Baƙo Zai Yi a Tsibiri Kafin Ya Zama Ɗan Gida?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo sun karkata ga batu guda, wato makomar mutumin da ya tafi aiki wani ƙaramin tsibiri, ya zauna shekara da shekaru, wataƙila har ya yi aure ko ya haihu a can, sannan ya wayi gari yana tambayar kansa ko yana da wani matsayi a wurin ban da na ma'aikacin da ake sabunta wa takarda. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni akanta ce, kuma wani kamfani mai zaman kansa a tsibiran Cayman ya yi mini tayin aiki na shekara 2 wanda ake iya sabuntawa. Wanda ya yi mini hanya ya ce tun da tsibiran a ƙarƙashin Birtaniya suke, idan na yi shekara 5 zan samu zaman dindindin, daga nan kuma sai fasfon Birtaniya. Shin haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya gaya miki haka ya ɗauko dokar wani wuri ne ya ɗora wa wani. Gaskiya ne tsibiran Cayman, da ke tekun Karibiyan kudu da Kyuba, suna cikin yankunan ƙetare na Birtaniya, kuma daga Landan ake naɗa musu gwamna, amma majalisarsu ce ke yin dokar shige da ficensu, kuma shekarun da kika yi a can ba za a lissafa miki su ba idan kika zo neman zama a Birtaniya kanta.

Abin da ya kamata ki fara rarrabewa shi ne ƙofofin da mutane kan haɗa su kira da suna ɗaya. Akwai izinin aiki, wanda kamfani ne yake nema a madadinki domin wani aiki takamaimai, kuma ranar da aikin ya ƙare izinin ya bi shi. Akwai zaman dindindin, wanda yake raba zamanki da yardar wanda ya ɗauke ki aiki. Sai shaidar zama ɗan ƙasa, wadda fasfo ke tabbatarwa. A manyan ƙasashe nan maganar take ƙarewa, amma a irin waɗannan tsibirai akwai ƙofa ta huɗu, kuma ita ce mafi wuyar buɗuwa, wato matsayin ɗan gida, wanda shi ne ke ba mutum damar kaɗa ƙuri'a da yin kowane irin aiki ba tare da neman izini ba. Mutumin da aka haifa a Landan, riƙe da fasfon Birtaniya, idan ya sauka a Cayman ko Bermuda neman aiki, sai ya nemi izini kamar kowane baƙo, kuma ranar zaɓe ɗan kallo ne.

Dokar da ta fara aiki a Cayman a shekarar 2004 ta ƙayyade wa ma'aikaci baƙo wa'adin shekara 7, bayan haka dole ya tattara ya bar tsibirin na wani lokaci kafin a sake ba shi izini, idan ya dawo kuma lissafin shekarunsa daga farko zai tashi. Manufar ba a ɓoye take ba: kada mutum ya daɗe har daɗewar ta zama masa hujjar neman zama. Masu kamfanoni sun yi ta kokawa cewa ana kore musu ƙwararru daidai lokacin da suka gama laƙantar aiki, sai a 2013 aka mayar da wa'adin shekara 9, aka kuma ba duk wanda ya cika shekara 8 damar neman zaman dindindin. Damar nema ce kawai aka bayar, domin ana auna mai nema da maki, kuma aka sa 110 a matsayin makin tsallakewa. Ana duba irin aikinsa da iliminsa, da kuɗin da ya zuba a tsibirin, musamman wajen sayen gida, da ƙarfin aljihunsa, da hidimar da ya yi wa al'umma, da shekarunsa na haihuwa, har da jarrabawa kan tarihi da al'adun wurin. Ki lura da wanda irin wannan ma'auni yake fifitawa. Akanta ko lauya mai albashi mai tsoka yana iya sayen gida ya tara maki, amma magini ko mai rainon yara daga Jamaika ko Filifin, wanda ya yi shekaru daidai da nasa, sau da yawa makinsa ba ya kaiwa, sai wa'adi ya cika masa ya kama hanya.

Wanda ya samu zaman dindindin kuma tafiyarsa ba ta ƙare ba. Zai jira aƙalla shekara guda kafin ya nemi zama ɗan ƙasa na yankunan ƙetare na Birtaniya, wanda aji ne dabam da cikakken ɗan Birtaniya, ko da yake daga nan ana iya neman hawa zuwa ajin na gaba. Matsayin ɗan Cayman kuwa, a tsarin da aka yi shekaru ana aiki da shi, sai mutum ya kai wajen shekara 15 da zama kafin ya iya nema. Waɗannan lambobi kuma suna cikin abubuwan da 'yan siyasar tsibirin suka fi taɓawa, kusan kowace gwamnati sai ta zo da nata gyaran, saboda haka dokar da kika shiga da ita ba lallai ne ita ce za ki tarar a shekararki ta takwas ba. Shawarata ita ce ki auna tayin a matsayin aiki mai albashi da wa'adi, idan ya yi miki a haka ki karɓa, kada ki saka fasfon da aka yi miki alkawari a cikin lissafin.

Tambaya: Malam, na karanta cewa a Bermuda akwai mutanen da suka yi shekara 20 ko fiye suna aiki, amma ba su da 'yancin zaɓe. Ashe wannan ba zalunci ba ne? Ta yaya za a ci gumin mutum tun yana matashi har ya tsufa, sannan a ci gaba da kiransa baƙo?

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, ɗan'uwa, amma kafin mu yanke hukunci ya kamata mu ji dalilin 'yan tsibirin, domin dalilin nasu na lissafi ne. Faɗin Bermuda bai wuce murabba'in kilomita 54 ba, mutanenta kuma kimanin 64,000 ne. Majalisar dokokinta tana da kujeru 36, kuma masu zaɓe a kowace mazaɓa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗarurruwa ba. A babbar ƙasa, idan aka ba baƙi 3,000 shaidar zama 'yan ƙasa ba wanda zai ji motsinsu, amma a wuri irin wannan adadin ya isa ya sauya wanda zai kafa gwamnati. Cayman ta ɗanɗana haka a 2003, lokacin da majalisar zartarwarta ta ba mutane kusan 3,000 matsayin 'yan gida a cikin shekara guda, abin da har yau ake ambatawa duk sanda gardamar baƙi ta tashi. Ka kuma duba yadda Cayman ɗin ta cika: daga mutum kimanin 10,000 a 1970 zuwa fiye da 70,000 a ƙidayar 2021, kuma mafi yawan ƙarin daga waje ya zo. Hausawa sukan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, to abin da ɗan tsibiri yake tsoro shi ne ranar da raɓar za ta ƙi bushewa, ta fi kabar yawa.

A Bermuda lissafin ya cuɗanya da tarihin launin fata. Mafi yawan 'yan tsibirin baƙar fata ne, jikokin waɗanda aka bautar, kuma sai a 1968 aka yi zaɓen farko da kowane baligi ya samu ƙuri'a daidai da ta kowa. Da yawa daga cikinsu suna da yaƙinin cewa a shekarun 1960 da 1970 masu mulki sun yi amfani da shigo da fararen fata da ba su matsayin 'yan gida domin kare rinjayensu a akwatin zaɓe. A 1989 aka rufe ƙofar ba da matsayin ga baƙo don kawai ya daɗe, abin da ya rage sai hanyar jini da ta aure, ita ma ta auren sai an yi shekara 10. Daga baya aka ƙirƙiro takardar zaman dindindin, wadda ke ba mutum damar zama da aiki amma ba ta ba shi ƙuri'a. A 2016 gwamnatin lokacin ta kawo ƙudirin da zai ba baƙo zaman dindindin bayan shekara 15, da matsayin ɗan gida bayan shekara 20, sai jama'a suka fito a watan Maris suka kewaye majalisar kwana da kwanaki, suka hana 'yan majalisa shiga, har gwamnati ta janye ƙudirin, kuma a zaɓen 2017 ta sha kaye. A 2019 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ba da shawarar a kawar da wannan bambanci na ɗan gida a yankunan ƙetare sannu a hankali, shugabannin yankunan suka yi fatali da ita.

Bayan ƙuri'a sai ƙasa, wadda a tsibiri ba ta ƙaruwa. Tsibiran Åland, da ke ƙarƙashin Finlan amma mutanensu Suwidanci suke yi, suna da nasu matsayin ɗan gida: ko ɗan Finlan ne, sai ya zauna shekara 5 a can ya kuma iya Suwidanci kafin ya samu, kuma da shi ne ake zaɓen majalisarsu ake kuma mallakar fili ba tare da izini na musamman ba. Palau, a tekun Pasifik, ta fi kowa tsanantawa, domin kundin tsarin mulkinta ya keɓe zama ɗan ƙasa ga mai jinin Palau, mallakar ƙasa kuma ga ɗan ƙasa, don haka ma'aikacin da ya zo daga Filifin ko Bangaladash, ko shekara nawa ya yi, ba wata takarda da zai cike. Jersey da Guernsey, tsibiran da ke mashigin ruwa tsakanin Ingila da Faransa, su kuma ta hanyar gidaje suke tace baƙi. A Jersey sabon zuwa yana da iyakantattun ayyuka da iyakantattun ɗakunan haya, bayan shekara 5 sai a sakar masa mara a fannin aiki, bayan shekara 10 ya samu damar saye ko hayar gidan da ya ga dama. A Guernsey, dokar da ta fara aiki a 2017 ta sa matakan a shekara 8 da shekara 14.

A nawa ganin, tsoron 'yan tsibiri tsoro ne na gaskiya, kuma duk wanda ya yi musu kallon masu ƙyamar baƙi kawai bai zauna ya yi lissafin ba. Sai dai tsoron ba ya wanke kowace irin doka. Tsibirin da ba ya son ƙarin mazauna yana da ikon rage yawan izinin aikin da yake bayarwa, ya kuma haƙura da arzikin da otal-otal da bankuna da kamfanonin inshora suke kawo masa ta hannun baƙin. Abin da yake da wuyar karewa shi ne a ci gaba da sabunta wa mutum takarda shekara 20 saboda ana buƙatar hannunsa, ya yi jinyar tsofaffin tsibirin ko ya koyar da 'ya'yansu, nasa 'ya'yan su tashi ba su san wani gida ba, sannan a ce masa har yanzu ɗan wucin gadi ne. Tsarin Jersey da Guernsey yana da tsawo, kuma shekarun farko suna da ƙunci, amma mutum ya san adadin shekarun tun ranar da ya sauka, kuma wannan a wurina ya fi kusa da adalci fiye da tsarin da ba shi da ƙarshe ko wanda ya dogara da ganin damar minista.

Tambaya: Malam, ni da maigidana muna aiki a wani tsibiri, kuma ina ɗauke da juna biyu. Ana ta gaya mini cewa duk yaron da aka haifa a ƙasa ɗan ƙasar ne, kuma ta dalilinsa iyaye ma sukan samu zama. Ina so in san gaskiyar magana kafin lokaci ya zo.

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya, Malama. Ba ki ambaci sunan tsibirin ba, kuma amsar ta rataya ne a kan sunan, domin ƙasashen duniya sun kasu gida biyu a wannan batu. Wasu suna ba da shaidar zama ɗan ƙasa saboda wurin haihuwa, kamar Amurka da yawancin ƙasashen Karibiyan masu 'yancin kansu, irin su Barbados da Jamaika. Wasu kuma, waɗanda su ne mafiya yawa, jini suke bi, yaro yana ɗaukar ƙasar iyayensa ko a ina aka haife shi. Singafo da Maldives da Bahrain duk jini suke bi, Bahrain ma ta wajen uba. Malta ta daina bayarwa saboda wurin haihuwa kaɗai daga watan Agusta na 1989. Birtaniya da yankunanta na ƙetare sun daina tun ranar 1 ga Janairu 1983, sai dai dokar ta bar wata ƙofa: yaron da aka haifa a wurin, ya kuma yi shekarunsa 10 na farko a can, yana iya neman a yi masa rajista. Amma ki tuna da ƙofa ta huɗu da muka ambata a amsar farko, domin rajistar fasfo take kawowa, matsayin ɗan gida kuwa dokar tsibirin ce ke yanke shi, shi ya sa a Bermuda ake samun matasan da a can aka haife su, a can suka yi karatu, amma suka girma ba su da shi.

Bahamas tana da nata salon. Kundin tsarin mulkinta na 1973 ya ce yaron da aka haifa a can, wanda iyayensa duka baƙi ne, yana da damar neman zama ɗan ƙasa idan ya cika shekara 18, amma dole ya nema cikin wata 12 kafin ya cika 19. Wannan ya fi shafar 'ya'yan 'yan ci-ranin Haiti, kuma wanda ya bari taƙaitaccen lokacin ya wuce shi ya rasa wannan dama.

Batun cewa iyaye sukan samu zama ta dalilin yaro kuwa, tsibirin Saipan ya isa misali. Yana cikin tsibiran Mariyana ta Arewa, da ke ƙarƙashin Amurka, kuma shekaru da dama masana'antun ɗinkin tufafi da otal-otal sun cika shi da ma'aikata daga Sin da Filifin. Duk yaron da aka haifa a can ɗan Amurka ne, amma iyayensa suna nan a matsayinsu na ma'aikatan wucin gadi, kuma a dokar Amurka sai yaro ya cika shekara 21 kafin ya iya nema wa iyayensa katin zama. Gwamnatin Amurka ta karɓe ikon shige da ficen tsibiran a watan Nuwamba na 2009, ta ƙirƙiro izinin aiki na musamman da aka tsawaita har ƙarshen 2029, sannan a 2019 aka yi dokar da ta ba wani rukuni na tsofaffin mazauna damar ci gaba da zama, amma a tsibiran kaɗai, ba tare da katin zama a Amurka ba.

Abin da nake ji miki tsoro ya fi rashin samun sabon fasfo girma, shi ne yaro ya tashi ba shi da ƙasa kwata-kwata, tsibirin bai ɗauke shi ba, ƙasar iyayensa kuma ba ta san da shi ba. Da zarar kin haihu ki karɓi takardar haihuwa, ki kuma fara neman yi masa rajista da fasfo a ofishin jakadancin ƙasarku, wanda sau da yawa ba ya cikin ƙaramin tsibiri, sai an aika takardu wani birni mai nisa. Ki kuma karanta sharuɗɗan izinin aikinki tun yanzu, domin a wasu wurare ƙaramin ma'aikaci ba shi da damar ajiye iyali, a Singafo ma mace mai ƙaramin izinin aiki an hana ta ɗaukar ciki ko haihuwa a ƙasar, sai idan ta auri ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin da amincewar hukuma.

Tambaya: Ni Musulmi ne, na yi shekara 9 ina aiki a wani wurin shaƙatawa a Maldives. Na ji cewa Musulmi kaɗai ake ba shaidar zama ɗan ƙasa a nan. Ke nan ina da dama?

Amsa: Sashe na 9 na kundin tsarin mulkin Maldives na 2008 ya ce wanda ba Musulmi ba ba zai zama ɗan ƙasa ba. Ka lura da yadda aka gina maganar, Malam: ta rufe ƙofa ga wanda ba Musulmi ba, amma ba ta yi wa Musulmi alkawarin komai ba. A ƙidayar 2022 baƙi sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙasar, rukuni mafi girma a cikinsu kuma 'yan Bangaladash ne, waɗanda galibinsu Musulmi ne, amma zamansu a ɗaure yake da bizar aiki, kuma mayar da baƙo ɗan ƙasa abu ne da ba kasafai ake yi ba. Kwatankwacin haka ake gani a Bahrain, inda dokar 1963 ta gindaya zaman shekara 15 ga Balarabe da shekara 25 ga wanda ba Balarabe ba, tare da iya Larabci da mallakar kadara, kuma ko an cika sharuɗɗan bayarwar tana hannun masu mulki. Ka gina shirinka a kan cewa ranar komawa tana nan tafe, ka kula da ajiyarka da haƙƙoƙinka na ƙarshen kwantiragi.

Tambaya: Malam, shekarata 4 ina aiki a Malta. Tambayata biyu ce. Me ya sa attajiri yake samun fasfon tsibiri cikin ɗan lokaci, alhali ma'aikaci yana shafe shekaru? Sannan mahaifiyata ba ta da lafiya, ina so in tafi in zauna da ita kamar wata 8. Shin shekarun da na tara za su ɓace?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya. Amsar tambayarka ta farko tana cikin lissafin da muka yi a sama. Attajirin da ya sayi fasfo yawanci ba ya zuwa ya zauna, ba ya neman gidan haya ko gurbin makaranta, ba ya gogayya da ɗan gida wajen aiki, kuɗinsa kawai ke shigowa, shi ya sa ƙaramar ƙasa take ganin sayar masa da takarda ya fi mata sauƙi fiye da ba ma'aikacin da yake zaune a cikinta. Saint Kitts da Nevis ce ta fara wannan ciniki a 1984, shekara guda bayan samun 'yancinta, kuma a 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin zuwa dala 250,000. Malta ta shiga a 2014, kuma a tsarinta na 2020 an riƙa biyan yuro 600,000 bayan zaman wata 36, ko yuro 750,000 bayan wata 12. Sai dai kasuwar ta fara tsukewa. Tarayyar Turai ta soke wa masu fasfon Vanuatu, da ke tekun Pasifik, damar shiga ba biza saboda irin wannan ciniki, kuma ranar 29 ga Afrilu 2025 kotun Tarayyar ta yanke hukuncin cewa tsarin Malta ya saɓa wa dokar Tarayyar.

Tambayarka ta biyu ita ce mai muhimmanci, kuma ka yi ta a kan lokaci. Kasancewar Malta cikin Tarayyar Turai tun 2004 ya ba ka abin da ma'aikacin Maldives ko Palau ba shi da shi, wato dokar Tarayyar ta 2003 da ta ce baƙon da ya yi shekara 5 a jere bisa ƙa'ida yana da damar neman matsayin mazaunin dogon lokaci, idan yana da tsayayyen abin shiga da inshorar lafiya, ya kuma cika sharaɗin koyon harshe da al'ada da ƙasar ta gindaya. Kalmar da za ka riƙe ita ce "a jere". Dokar ta yafe fitar da ba ta kai wata 6 a lokaci guda ba, muddin jimillar fitar ba ta wuce wata 10 ba a cikin shekarun 5. Tafiyar wata 8 a ɗauki ɗaya ta zarce wannan iyaka, kuma tana iya sa lissafinka ya koma farko, ban da haɗarin cewa izininka, wanda yake ɗaure da aikinka, zai iya faɗuwa idan kamfanin ya sallame ka kana can. Dokar ta ba ƙasashe ikon yin sassauci saboda dalili na musamman, amma wannan ganin damarsu ne, kada ka dogara da shi sai ka ga takarda. Zama ɗan ƙasar Malta kuwa mataki ne dabam, wanda ko an cika shekarun da doka ta ambata hukuncinsa yana hannun minista.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka raba tafiyar kashi biyu idan halin mahaifiyarka ya ba da dama, kowace ƙasa da wata 6, ka kuma haɗa da kwanakin da ka riga ka yi a waje a shekarun baya domin kada jimillar ta haura wata 10. Ka nemi hutun a rubuce daga wurin aikinka, ka tabbatar izininka ba zai ƙare kana waje ba, ka ajiye takardun asibitin mahaifiyarka, da tsofaffin fasfunanka masu hatimin shiga da fita, da takardun albashi da na haraji da na hayar gida tun daga watan farko, domin ranar da za ka shigar da buƙatarka da su za a ƙirga maka shekarun.